NAZARI: Kayan gida sun san abin da aka yi, agogon hannu ne zai tona wanda ya yi

A watan Yulin 2025 labari ya fito cewa kamfanin Amazon na Amurka zai sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Bee. Hajar Bee ita ce wata munduwar hannu ta kimanin dala 50, wadda ke wuni tana sauraren maganganun mai sanye da ita, ta taƙaita masa su, ta tuna masa da alƙawuran da ya ɗauka. Cinikin bai tayar da ƙura ba, domin kamfanin ƙarami ne, kuma ba a bayyana kuɗin da aka biya ba. Sai dai duk wanda ya jera shi da cinikayyar da ta gabace shi zai ga cewa manyan kamfanonin fasaha sun fi shekara goma suna bin turba ɗaya.

Google ya sayi Nest, mai ƙera na'urorin daidaita sanyi da ɗumin ɗaki, a 2014 kan dala biliyan 3.2, sannan a watan Janairun 2021 ya kammala sayen Fitbit, mai ƙera agogon ƙirga taku da bugun zuciya, kan dala biliyan 2.1. Samsung ya sayi SmartThings, tsarin da ke haɗa kayan gida da waya, a 2014. Yana da agogon Galaxy, a 2024 kuma ya ƙara da zobe. Apple ya gabatar da tsarinsa na sarrafa kayan gida a 2014, agogonsa ya shiga kasuwa a 2015. Amazon, mai lasifikar Echo da ƙararrawar ƙofa ta Ring, shi ne a wancan lokacin ya rage ba shi da komai a tsintsiyar hannun mutane tun da ya daina sayar da munduwarsa ta Halo a 2023.

Kowanne daga cikin huɗun nan yana so ya riƙe bakin zare biyu a lokaci guda, wato kayan da ke cikin gida da abin da ke ɗaure a jikin mutanen gidan. Akwai dalilin kasuwanci na fili: wanda ya sayi agogon kamfani zai fi karkata ga talabijin ɗinsa. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan zurfi. Firji da ƙofa da fitila da mita masu haɗe da intanet suna rubuta duk abin da aka yi da su da lokacin da aka yi shi, amma ba su san hannun da ya taɓa su ba. Agogo da zobe da munduwa kuwa a jikin mutum ɗaya suke kwana suke tashi. Ranar da aka ƙulla bayanan nan biyu, rajistar kayan gida ta koma rajistar rayuwar wane da wance, da sunayensu. Daga nan tambaya mai nauyi ita ce a hannun wa wannan rajista za ta zauna.

Shari'o'i biyu daga ƙarshen 2015

Wasu shari'o'in kisan kai guda biyu a Amurka, waɗanda kimanin wata guda ne tsakanin faruwarsu, sun nuna girman tazarar da ke tsakanin bayanin da ba shi da suna da wanda ke ɗauke da suna.

A watan Nuwamban 2015 aka tsinci gawar wani mutum cikin babban bahon ruwan zafi a gidan abokinsa da ke garin Bentonville na jihar Arkansas, bayan wani zaman dare da abokai suka yi. Gidan cike yake da kayan zamani. 'Yan sanda suka nemi Amazon ya miƙa abin da lasifikar Echo ta naɗa, kamfanin ya yi turjiya har sai da mai gidan da kansa ya amince a 2017. Amma shaidar da masu gabatar da ƙara suka fi nunawa daga mitar ruwa ta fito: ta rubuta cewa an zuƙe galan 140, kimanin lita 530, tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa uku na dare. Suka ce an wanke wurin ne don a ɓatar da shaida. Wanda ake tuhuma ya ce agogon mitar ne ba daidai ba, kuma da rana aka zuba ruwan a bahon. Mitar ba ta iya faɗin wanda ya murɗa famfo ba, ba ta kuma iya faɗin abin da aka yi da ruwan ba. A watan Nuwamban 2017 aka janye tuhumar, mai gabatar da ƙara yana cewa shaidun da ke hannunsa suna iya ɗaukar fassara fiye da ɗaya.

A watan Disamban 2015 kuma, a garin Ellington na jihar Connecticut, wani magidanci ya shaida wa 'yan sanda cewa wani mai rufe da fuska ya shigo gidansa ya harbe matarsa da misalin ƙarfe tara na safe. Matar tana sanye da na'urar Fitbit a ƙugunta. Na'urar ta nuna cewa ta ci gaba da motsi na kusan awa guda bayan lokacin da mijin ya ce an kashe ta, kuma ta yi tafiyar sama da ƙafa 1,200 a cikin gidan, alhali labarin da ya bayar bai wuce na ƙafa 125 ba. Masu bincike suka jera wannan da bayanan ƙararrawar tsaron gidan da na wayoyi da Facebook. Lauyoyinsa sun ƙalubalanci sahihancin lokacin da na'urar ta rubuta, amma a watan Mayun 2022 aka same shi da laifi, daga baya aka ɗaure shi shekara 65.

Mitar Arkansas ta gida ce baki ɗaya, kowa yana iya buɗe famfo. Na'urar Connecticut ta mace ɗaya ce. Abin da masu bincike da kamfanoni suka daɗe suna nema shi ne hanyar da za a ba mita da firji da ƙofa irin tabbacin da ke ga na'urar jiki.

Yadda ake ƙulla haɗin

Hanyoyi uku ne aka fi bi. Ta farko ita ce kusanci. Tun farkon shekarun 1990 wani ɗakin bincike na kamfanin Olivetti da ke Kambirij a Ingila ya rataya wa ma'aikatansa bajo mai aika sigina duk bayan daƙiƙa 15, domin a san ɗakin da mutum yake a tura masa kiran waya can. A 2005 masu bincike na kamfanin Intel a Seattle suka ƙera munduwar da ke karanta 'yan ƙananan tambura da aka liƙa wa kofi da buta da buroshi, ta rubuta duk abin da hannu ya kusanta. Wannan hanya ta riga ta shiga kasuwa. Tun 2013 munduwar MagicBand ke buɗe wa baƙin wuraren shaƙatawa na Disney ƙofar ɗakin otal, suna kuma biyan kuɗi da ita, kuma tun 2016 agogon Apple ke buɗe kwamfutar mai shi da zarar ya zauna gabanta. Raunin hanyar shi ne kusanci ba taɓawa ba ne: mutum uku suna iya tsayawa gaban firji, ɗaya ne kawai ya buɗe.

Hanya ta biyu ita ce gwama motsi da motsi. Kowane agogon komai-da-ruwanka yana ɗauke da ma'aunin motsi, irin wanda ke juya hoton waya idan an karkata ta. Wannan ma'auni yanzu ya yi arahar da za a iya sa shi a buroshin haƙori ko murfin kwalbar magani ko ƙofar firji. Idan ƙofa ta motsa a wani lokaci da wani sauri, sai manhaja ta duba a cikin hannayen mutanen gidan wanne ne ya yi motsi mai kama da nata a daidai wannan daƙiƙa. Tunanin ya daɗe: a 2001 wasu masu bincike a Turai sun nuna cewa ana iya ƙulla na'urori biyu ta hanyar riƙe su tare a girgiza, a 2004 kuma wasu a Jami'ar Washington suka nuna cewa daga salon tafiya kaɗai ana iya gane ko na'urori biyu a jikin mutum ɗaya suke.

Hanya ta uku ita ce ta fi faɗin tasiri, domin ba ta buƙatar a saka wa kayan komai. A 2016 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon suka sauya manhajar wani agogon kasuwa, suka sa ma'aunin motsinsa ya riƙa ɗaukar awo sau 4,000 a daƙiƙa maimakon kusan sau 100 da aka saba. Da wannan sai agogon ya fara jin kaɗawar da ke ratsa tsoka da ƙashi daga abin da hannu ya riƙe, ya bambance injin niƙa daga na'urar huda katako ko buroshin lantarki. A 2019 wannan ɗakin bincike ya ba da rahoton cewa agogo yana iya rarrabe ayyukan hannu 25, irin su rubutu da yanka da wanke kwano da tafi, da daidaiton kusan kashi 95 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce ko tsohuwar tukunya da wuƙar kicin, waɗanda ba su da wata alaƙa da intanet, suna iya shiga rajista ta hannun mai riƙe da su.

Haka kuma faifan danna lambobi. A 2016 masu bincike daga Cibiyar Fasaha ta Stevens da Jami'ar Binghamton suka nuna cewa daga motsin hannu mai sanye da agogo ana iya cankar lambar sirrin da mutum ya danna, daidai a karon farko da kusan kashi 80 cikin 100, sama da kashi 90 kuma bayan gwaji uku. A ɗakin gwaji aka yi wannan, da mutum 20, kuma sai agogon yana hannun da ke danna lambar. Duk da haka ya nuna zurfin abin da ɗan ƙaramin ma'auni ke iya ji.

Amfanin da ba a musantawa

Yawancin wannan bincike saboda tsofaffi da marasa lafiya aka fara shi. A ƙasashen da tsofaffi ke zama su kaɗai, ko miji da mata su biyu ba ɗa ba jika a kusa, likita yana so ya san ko mai ciwon mantuwa ya sha magani, ya ci abinci, ya kashe murhu. Kwalbar magani mai na'ura za ta ce an buɗe ta ƙarfe takwas, amma idan mutum biyu ne a gidan ba za ta ce wanda ya buɗe ba. Munduwa ce ke cike wannan giɓi. A gida mai ƙananan yara ma akwai amfani a ce murhu ko durowar magani sun san hannun babba daga na yaro.

A watan Nuwamban 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Abilify MyCite, ƙwayar maganin taɓin hankali mai ɗauke da na'ura mai girman ƙwayar yashi. Idan ta isa ciki sai ruwan ciki ya tayar da ita, ta aika sigina zuwa wata filasta da ke manne a haƙarƙarin majinyaci, filastar ta aika wa waya, wayar ta sanar da likita da waɗanda majinyacin ya amince musu. A nan an ƙulla abu da mai amfani da shi ƙulli mafi ƙarfi da za a iya. Amma hukumar da kanta ta bayyana cewa ba a tabbatar tsarin yana sa mutane su ƙara kiyaye shan magani ba, likitoci da dama kuma suka nuna damuwa kan ba mai fama da zargin ana bibiyarsa maganin da ke kai rahotonsa. A 2020 kamfanin Proteus, wanda ya ƙera na'urar, ya durƙushe.

Bindigar Armatix iP1 ta Jamus ta ba da wani darasin. An ƙera ta ne yadda ba za ta tashi ba sai tana kusa da agogon mai ita, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya da 'yan kai ba, domin kada yaro ko ɓarawo ya harba ta. A 2014 'yan rajin mallakar bindiga a Amurka suka yi wa masu shagunan da suka yi niyyar sayar da ita ca, har suka janye, saboda wata dokar jihar New Jersey ta 2002 da ta ce da zarar irin wannan bindiga ta shiga kasuwa, bayan wani wa'adi ita kaɗai za a riƙa sayarwa a jihar. A 2017 kuma wani mai binciken tsaron na'urori ya nuna cewa da maganaɗisun dala 15 ana iya harba ta babu agogon, da wata 'yar na'urar rediyo kuma ana iya hana ta tashi ko da agogon yana hannun mai ita.

Wannan rauni ya shafi dukkan hanyoyin uku. Abin da na'ura ke ganewa shi ne agogo, ba mutum ba. Ana iya cire agogo a ajiye, ana iya ara wa ƙani, ana iya ɗaura wa wani yana barci. Daidaiton kashi 95 cikin 100 abin yabo ne a ɗakin bincike, amma yana nufin kuskure ɗaya a cikin kowane ashirin, kuma idan wannan ɗayan ya faɗo a kan tambayar wanda ya buɗe akwatin kuɗi, 'yancin mutum ne a kan sikeli. Alƙali da mai gida da shugaban ma'aikata duk suna da saurin gaskata abin da ya fito daga na'ura da lamba da lokaci.

Mai sanyawa daban, mai dubawa daban

Kamfanoni suna tallata wannan fasaha da hoton mutum ɗaya mai zaman kansa, wanda ya sayi kayansa, ya ɗaura agogonsa, yake duba bayanansa. A wurare uku aƙalla hoton ba haka yake ba.

Na farko wurin aiki. A watan Janairun 2018 aka ba Amazon takardun mallakar fasaha guda biyu kan wata munduwa da za ta bi diddigin hannun ma'aikacin sito, ta san akwatin da ya miƙa wa hannu, ta girgiza idan ya nufi wanda ba shi ba. Kamfanin ya ce manufar ita ce a sauƙaƙa wa ma'aikata riƙon na'urar karanta lambobin kaya. Amma abin da aka riga aka yi da ita wannan na'urar hannun ya isa misali. A watan Janairun 2024 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin reshen Amazon mai kula da sito-sito tarar Yuro miliyan 32, bayan ta gano cewa tsarin yana yi wa ma'aikaci alama idan ya karanta kaya biyu cikin ƙasa da daƙiƙa 1.25, yana kuma ƙirga duk tsayawar da ta kai minti goma, har da wadda ba ta kai ba. Hukumar ta ce hakan yana tilasta wa mutum ya kare kansa kan kowane ɗan hutu. Amazon ya ƙi amincewa da hukuncin, ya ɗaukaka ƙara.

Na biyu cikin gida. Kayan gida masu intanet asusu ɗaya ke sarrafa su, kuma galibi wanda ya biya kuɗi ne ke riƙe da kalmar sirri. A watan Yunin 2018 jaridar New York Times ta wallafa binciken da ta yi ta hanyar tattaunawa da sama da mutum 30, waɗanda suka haɗa da matan da aka ci zarafinsu da lauyoyinsu da ma'aikatan gidajen ba da mafaka. Sun ba da labarin mazajen da ke sauya lambar makullin ƙofa daga nesa, suna kashe na'urar sanyaya ɗaki, suna kunna kiɗa da tsakar dare. Wannan duk kafin kayan su san sunan mai taɓa su ne. Idan suka sani, mai riƙe da asusu zai ga lokacin da wance ta fita, lokacin da ta dawo, da abin da ta taɓa kafin ta kwanta.

Kuma ƙin sanya agogo ba ya fitar da mutum. A gida mai mutum biyar, idan huɗu suna sanye, duk abin da aka taɓa ba tare da hannu mai agogo ba na biyar ɗin za a jingina wa. Na'urar wani tana tona wani: a watan Oktoban 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna cewa ana iya gano inda shugabanni irin su Emmanuel Macron da Joe Biden za su sauka ta hanyar bin bayanan gudun motsa jiki da masu tsaron lafiyarsu ke ɗorawa a manhajar Strava.

Na uku hukuma. A lokacin annobar korona, Singafo ta raba wa jama'a 'yar na'urar TraceTogether da ake ratayawa, wadda ke rubuta waɗanda mutum ya kusanta. A watan Yunin 2020 minista Vivian Balakrishnan ya tabbatar wa jama'a cewa don bin sawun cuta kaɗai za a yi amfani da bayanan. A ranar 4 ga Janairun 2021 wani ƙaramin minista ya shaida wa majalisa cewa dokar binciken laifuka ta ba 'yan sanda damar karɓarsu, daga baya kuma aka amsa cewa an riga an nemi bayanan a binciken wani kisan kai. Sai da jama'a suka fusata aka yi doka a watan Fabrairu da ta taƙaita damar ga manyan laifuka iri bakwai. Alƙawarin minista bai soke dokar da ta riga shi ba.

Inda Najeriya ta tsaya

Gida mai firji da makulli masu intanet har yanzu na 'yan ƙalilan ne a Najeriya. Amma ɓangarorin tsarin suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Agogon komai-da-ruwanka masu araha, na Oraimo da itel da waɗanda ba su da ko suna, sun cika kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano da Banex a Abuja. Akwai mitar kati, da na'urar bin sawun mota da Keke Napep, da kyamarorin da mai gida ke kallo ta waya, da sola da wayoyin biya-kaɗan-kaɗan waɗanda kamfani ke iya kullewa daga nesa idan an yi jinkirin biya. Abin da ya rage shi ne ƙullin.

Ƙasar ta taɓa yin babban gwaji na ɗaura wa abu sunan mai shi. A watan Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, da hujjar tsaro. A 2024 'yan jarida masu bincike da ƙungiyar Paradigm Initiative suka bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa, ƙungiyar ta ce da naira 100 ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Ko ta wace kafa bayanan suka fita, sun fita. Waɗannan suna ne da hoto da adireshi; bayanan agogo sun ƙunshi bugun zuciya da lokacin barci da inda aka kwana.

Doka tana nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya da na siffofin jiki cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta hau kan kamfanonin waje da ke sarrafa bayanan mutanen da ke Najeriya, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu sarrafa bayanai, duk wanda ya fi yawa. Hukumar NDPC ta fara nuna haƙora: a 2024 ta sanar da cin bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8.

Giɓi uku ne suka shafi wannan batu kai tsaye. Dokar ta ware sarrafa bayanai don harkokin kai ko na cikin gida, da sharaɗin kada a keta haƙƙin sirrin wani. Amma 'yar aiki ko direba ko matar da mijinta ke riƙe da asusun gida ba su da hanya mai sauƙi ta sanin abin da ake tarawa a kansu, balle su kai ƙara. A gidan gandu, inda iyalai da dama ke amfani da ƙofa ɗaya da famfo ɗaya da murhu ɗaya, rashin sanin wanda ya yi kaza wani ɓangare ne na rufin asirin da ke riƙe zaman lafiya. An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to amma a irin wannan gida mutum ɗaya ne ya saya, sauran ba a tambaye su ba.

Giɓi na biyu shi ne faɗin rangwamen da dokar ta yi wa hukumomin tsaro da masu binciken laifuka, irin ƙofar da aka shiga ta cikinta a Singafo. Na uku kuwa kotu ce. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya karɓi shaidar da kwamfuta ta fitar idan aka nuna cewa na'urar tana aiki daidai. Tabbatar da cewa agogo yana aiki daidai abu ɗaya ne, tabbatar da cewa a hannun wanda ake tuhuma yake a wannan lokaci wani abu ne daban, kuma talakan da ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararre ba zai iya ƙalubalantar ko ɗaya ba.

Abin da ya kamata a nema

Tarayyar Turai ta nuna cewa ƙullin da kansa ana iya yi masa doka. Lokacin da ta amince Google ya sayi Fitbit a watan Disamban 2020, ta gindaya sharaɗin a ajiye bayanan lafiya na masu agogon a rumbu daban, kuma kada a yi amfani da su wajen tallace-tallacen Google har shekara goma. Birtaniya kuma tun watan Afrilun 2024 ta haramta sayar da kayan intanet masu kalmar sirri ta gama-gari irin wadda kowa zai iya canka, ta wajabta wa masu ƙera su faɗi tsawon lokacin da za su ci gaba da toshe ɓarakar tsaro.

Daga waɗannan ana iya fitar da buƙatu bayyanannu. Gwama motsin hannu da na kaya ya gudana a cikin agogo ko wayar mai shi, ba a rumbun kamfani ba, kuma ya kasance a kashe har sai mutum ya kunna da kansa. Kowane baligi a gida ya riƙe ƙullinsa, ya ga abin da aka rubuta da sunansa, ya iya yankewa ba tare da izinin mai asusu ba. Hukumar NDPC ta fayyace cewa amincewar ma'aikacin da zai rasa aiki idan ya ƙi sanya munduwa ba amincewa ba ce, kuma ta bayyana matsayin 'yan aikin gida a ƙarƙashin rangwamen cikin gida. Jami'an tsaro kada su karɓi bayanan na'urar jiki sai da umarnin kotu mai ambaton laifi da wa'adi. Hukumar NCC, wadda dama take tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su, tana iya ƙara sharuɗɗan tsaro irin na Birtaniya a cikin tantancewar.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana tsoho mai ciwon mantuwa cin moriyar munduwarsa. Kuma dukkansu sun fi sauƙin samu yanzu, tun kamfanoni da ma'aikatu ba su zuba jari a kan akasinsu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haɗa layin waya da NIN ya zo ne shekara biyu da rabi kafin a sami dokar kare bayanai, aka tattara kafin a gina shinge. Majalisa da hukumomin biyu suna da damar kauce wa maimaita wannan jeri, muddin masu zaɓe matasa, waɗanda su ne suka fi kowa sayen waɗannan agogo, suka sa batun a cikin tambayoyin da suke yi wa masu neman ƙuri'unsu.